Sayen Gida ko Fili a Kano: Abin da Kuɗinka Ya Saya Maka da Abin da Bai Saya Ba

A Kano ciniki yakan faɗa ne a zaure, ko a kan benci a rumfar dillalai. Mai gida ya ce ya sallama, mai saye ya ce ya saya, a shafa fatiha, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. A idon jama'a magana ta ƙare ke nan, kuma a Musulunci ma cinikin ya ƙullu muddin sharuɗɗansa sun cika. Amma a idon dokar ƙasa an yi rabin tafiya ne kawai. Yawancin rigingimun filaye da ke cike da kotunan jihar nan a wannan tazarar aka haife su, tsakanin ranar da aka shafa fatiha da ranar da sunan mai saye ya shiga fayil a ma'aikatar ƙasa, ranar da wasu ba sa taɓa kaiwa gare ta har su mutu su bar wa 'ya'yansu.

Tushen maganar shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, kuma sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariyar da ba a iya taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki. Sashenta na farko ya danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turbar suke. Ma'anarsa ga mai saye ita ce, ƙasar kanta ba ta sayuwa. Abin da ake saya shi ne haƙƙin zama a kanta da amfani da ita, tare da ginin da ke kai. Ga gidan zama wa'adin yakan kasance shekara 99. Wanda ya sayi gidan da aka ba wa takarda a 1985 bai sami sabuwar shekara 99 ba, ragowar ta mai sayarwa ya gada, tare da duk sharuɗɗan da ke cikin takardar da duk bashin kuɗin ƙasa da ya taru a kanta.

Daga nan ƙa'ida ta biyu ta fito, wadda dokar Bature da fiƙihu suka yi tarayya a kanta: mutum ba ya ba da abin da ba nasa ba. Duk yawan kuɗin da ka biya, duk girman shaidunka, ba za ka sami fiye da abin da mai sayarwa yake da shi ba. Ko takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira satifiket ko C of O, ba yankan shakku ba ce. Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa satifiket hujja ce ta farko kawai, tana faɗuwa idan wani ya tabbatar yana da haƙƙin da ya riga ta kuma ba a soke shi bisa doka ba. Wannan ya kamata ya sanyaya gwiwar duk mai cewa tunda ya ga satifiket da idonsa babu sauran tambaya.

Takardun da ke yawo a kasuwar filayen Kano ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma farashi ma ya san haka. Satifiket ce a sama. Ƙasa da ita akwai giranti, wato wasiƙar da ke shaida gwamnati ta ba mutum fili a awonta, da sharuɗɗan da zai cika kafin a ba shi satifiket. Akwai filayen diyya da ake ba masu gonaki idan gwamnati ta yanka gonakinsu, waɗanda sukan sauya hannu sau uku ko huɗu sunan manomin farko yana nan a fayil. Akwai takardar ƙaramar hukuma, wadda doka ta ba ta ikon bayarwa a karkara kaɗai. Wurin da gwamna ya ayyana a matsayin birni ya fita daga hannunta, don haka takardar ƙaramar hukuma a kan fili a tsakiyar Tarauni ko Gwale abar tuhuma ce, kuma yadda gari ya miƙe ta Kumbotso da Ungogo ya sa dole a tambayi ma'aikata ko wurin ya shiga iyakar birni. Sai awon igiya, inda mai gona ke yanka gonarsa ƙafa 50 da 50, ko 25 da 50, ya bar lungu siriri a matsayin hanya, ya sayar da takardar hannu. Unguwanni da yawa na bayan gari haka suka tashi, kuma miliyoyin mutane a cikinsu suke kwana, amma mai saye ya sani cewa hatimin mai unguwa ko dagaci shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ta ba da mallaka, domin dokar 1978 ba ta ba sarautar gargajiya ikon raba ƙasa ba.

Tsofaffin gidajen cikin badala lamarinsu daban ne, kuma ana yawan yi musu mummunar fahimta. Gidan da aka gina kafin Maris 1978 a Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi, sashe na 34 na dokar 1978 ya ɗauki mai shi tamkar wanda gwamna ya ba haƙƙin zama, ko da bai taɓa riƙe takarda ba. Rashin satifiket bai raunana mallakarsa ba. Abin da ke tabbatar da ita shi ne tarihin gidan: wa ya gina, wa ya gada, yaushe aka raba, su wa ke maƙwabtaka da shi gabas da yamma, kudu da arewa.

Bincike kafin biya

Doka ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa. Abin da bincike na hankali zai iya tono maka, kotu za ta ɗauka ka san shi ko ba ka bincika ba. Saboda haka aiki na farko shi ne karɓar kwafin takardu, a kai lambar fayil ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen jiha, a biya kuɗin binciken fayil, a karɓi sakamako a rubuce. Bayanin baki daga wani ma'aikaci da dillali ya haɗa ka da shi ba ya tsayawa a gaban alƙali. Abin da ake nema a fayil shi ne sunan mai haƙƙi na yanzu, girman filin da lambarsa, abin da aka ba da shi dominsa (zama, kasuwanci, masana'anta ko noma), ko an jinginar da shi a banki, ko akwai takardar gargaɗi ko umarnin kotu a ciki, ko an taɓa soke shi, da kuma shekarun da ba a biya kuɗin ƙasa ba. Tun ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta shiga aikin sabunta takardun mallaka, don haka a tambaya ko an sabunta wannan, in ba a yi ba a yanke wanda zai yi da wanda zai biya. A kuma dage sai an ga takardar asali. Mai sayarwar da ke cewa asalin ta ɓata, ko tana wajen yayansa a Abuja, sau da yawa tana ajiye ne a wurin wanda ya ba shi bashi.

Idan sunan da ke fayil ba na mai sayarwa ba ne, sai a bi sarƙar hannu bayan hannu, daga mai sunan zuwa wanda ke gabanka, kowane ciniki da takardarsa. Inda sarƙar ta katse, nan rigima take kwance.

Aiki na biyu a filin ake yinsa, da ma'aikacin safiyo mai rajista, ba da igiyar dillali ba. Takarda na iya zama ta gaskiya a nuna maka filin da ba nata ba. Mai safiyo zai ɗauki lambobin bikon, wato turakun siminti da ke kusurwoyi, ya gwada su da taswirar awon. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne. Idan awo ya nuna 400, ko dai maƙwabci ya ci iyaka ko hanya ta ci, kuma gara a sani kafin kuɗi su fita. A KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ake gane ko wurin yana cikin tsarin gari, ko an ware shi ne don makaranta, maƙabarta, masallaci, kasuwa ko magudanar ruwa. Akwai tazarar da ba a gini a cikinta ko wace takarda ke hannunka: mita 45.72 daga tsakiyar titin gwamnatin tarayya ta kowane ɓangare, faɗin mita 50 a ƙarƙashin babban layin wuta mai ƙarfin 330kV, mita 30 ga mai 132kV. Haka gefen layin dogo, da hanyar bututun gas, da jikin badala wadda kayan tarihi ce ta ƙasa. Kududdufin da aka cike da shara aka yanka shi fuloti yana da matsala biyu, ta doka da ta damina.

Rushe-rushen da gwamnatin jiha ta yi a watan Yunin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da Filin Sukuwa sun nuna wani abu da ya kamata mai saye ya riƙe, ko wane ɓangare yake goyon baya a siyasance: filin da asalinsa na jama'a ne, gwamnati ɗaya ta yanka ta bayar, wata na iya zuwa ta ce ba a yi daidai ba. Ko da kotu za ta ba ka gaskiya daga baya, ginin ya riga ya kwanta. A ganinmu irin wannan fili, komai kyawun takardarsa, sai wanda zai iya jure asarar kuɗinsa.

Sauran binciken na ƙafa ne da baki. A je wurin ba tare da dillali ba, a gaisa da maƙwabta, a tambayi mai unguwa da limamin masallacin layin. Duk wanda aka tarar a ciki, ɗan haya ne, mai gadi ne, ko mai shuka alayyafo, a tambaye shi wa ya sa shi, domin zamansa sanarwa ce a gare ka cewa wataƙila wani yana da haƙƙi. In kamfani ne ke sayarwa, a duba rajistarsa a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, a ga ko ya jinginar da kadarorinsa, a kuma karɓi takardar amincewar daraktoci. In ana shari'a a kan gidan, a janye. Wanda ya sayi abin da ke gaban kotu hukuncin da aka yanke zai hau kansa.

Gidan gado

A nan ya kamata a daɗe, domin mafi yawan gidajen da ake sayarwa a cikin gari na magada ne, kuma a nan mutanen kirki suka fi faɗawa rami ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Da zarar mai gida ya rasu, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage na dukkan magada ne, kowa da rabonsa. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba. Matar mamacin tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, iyayensa in suna raye suna da sudusinsu, 'ya'ya mata da ke gidajen aure a Zariya ko Jos suna da nasu, wanda ya tafi Saudiyya shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsa ba rabonsa yana nan, cikin da aka bari ma ana jiran haihuwarsa. Sa hannun mutum tara cikin goma bai sayar maka da rabon na goman ba.

Hanya mafi aminci ita ce a nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, mai ɗauke da sunayen magada da abin da kowa ya samu, sannan a je kotun a tabbatar daga rajistarta take, a kuma tambaya ko an ɗaukaka ƙara. In ba a raba ba, kowane baligi ya sa hannu da kansa, mata su ma a ji daga bakinsu a gaban shaidun da suka san su, kada a wadatu da cewar "mun yi magana da su". Rabon marayu ƙanana kuwa ba ya sayuwa sai ta hannun wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa, da dalilin da ke nuna maslahar yaron ce, kuma izinin alƙali a rubuce shi ne garkuwar mai saye ranar da yaron ya girma ya zo yana tambaya. Gidan da aka yi wakafi da shi ba na magada ba ne balle su sayar.

Sai shuf'a, wadda masu saye da yawa ba sa jin sunanta sai a kotu. A mazhabar Malikiyya, idan mutane sun yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyar yana da ikon biyan mai sayen daidai abin da ya biya ya karɓe rabon, ko mai sayen ya so ko bai so ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman garin nan, ta fayyace cewa babu shuf'a ga maƙwabci, babu ita a abin da aka riga aka raba, wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa ta, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa. Don haka mai sayen ɗaki biyu a cikin gidan gado, ko rabon mutum ɗaya a kango, ya nemi sauran su rubuta cewa sun san da cinikin da farashinsa kuma sun sauke haƙƙinsu, a yi wannan bayan ciniki ya ƙullu, domin saukewar da aka yi kafin ciniki ba ta ɗaure su. A nan ne kuma rage farashi a takarda don gudun haraji ke juyowa kan mai saye: wanda ya biya miliyan 20 aka rubuta 12, mai shuf'a zai riƙe takardar ya ce 12 zai biya.

Kuɗi da takarda

Kafin alƙalami yana buƙatar a faɗi matsayinsa da baki a kuma rubuta. A dokar da manyan kotuna ke bi, kuɗin da aka bayar a matsayin jinginar cika alkawari mai sayarwa na iya riƙewa in mai saye ya janye, amma wanda aka bayar a matsayin wani ɓangare na farashi ana mayarwa. A Malikiyya kuwa sharaɗin cewa mai sayarwa zai cinye kuɗin in an fasa haramun ne. Jimla ɗaya a takarda tana kashe wannan gardamar: nawa aka bayar, ranar da za a cika, da abin da zai faru in bincike ya nuna matsala. Mai saye ya dage a rubuta cewa in fayil bai fita tsaf ba za a mayar masa da kuɗinsa cif.

A biya ta banki, cikin asusun mai haƙƙin da kansa, a rubuta dalilin biyan. Wannan ya wuce shawara: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Zuba kuɗin gida a asusun dillali kuskure ne ko da amintacce ne, domin in ya mutu ko aka rufe asusun, mai gida zai ce bai karɓa ba, kuma gaskiya ya faɗa. La'ada a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya da dillalai nawa za su raba, tunda ciniki ɗaya a Kano yakan tara mutum biyar kowa na cewa shi ya kawo.

Takardar ciniki ta ƙunshi cikakken sunan ɓangarorin biyu da lambar shaidar ɗan ƙasa, lambar fili da ta fayil, iyakoki huɗu, farashi na gaskiya, ranar miƙa makulli, da abin da ke cikin cinikin, irin su mita, famfon burtsatse, tankuna da ƙofofi. A sa alkawarin mai sayarwa cewa babu bashi ko jingina a kan gidan, zai biya kuɗin ƙasa da na wutar KEDCO da na ruwa har zuwa ranar miƙawa, kuma zai sa hannu a duk takardar da ake buƙata don sauya suna. Lauyan mai saye ya rubuta, ba na mai sayarwa ba.

Sannan a zo kan matakin da aka fi tsallakewa. Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana mai haƙƙin zama sayarwa ko jinginarwa ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba da ita ba banza ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta ce wannan ya haɗa har da masu tsofaffin gidajen da suka riga dokar. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, ta sassauta cewa ba laifi a ƙulla yarjejeniya a biya kuɗi kafin a nemi amincewar, sai dai cinikin yana rataye har ta fito. A doka neman amincewar aikin mai sayarwa ne. A aikace mai saye ne ke zirga-zirga, domin shi abin ya dama. Saboda haka ranar biyan kuɗi, kafin a tashi, a karɓi sa hannun mai sayarwa a kan wasiƙar neman amincewa da takardar miƙa haƙƙi da ake kira asainmen, da hotunansa, da dukkan takardun asali. Bayan kuɗi sun shiga aljihu neman mutum yana wuya, in kuma ya rasu sai ka koma bin magadansa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikata za ta kimanta gidan ta yanka kuɗin amincewa da na rajista, a biya harajin hatimi (na cinikin mutum da mutum hukumar harajin jiha ke karɓa, in kamfani na ciki ta tarayya), sannan a yi rajista.

Amfanin rajista yana bayyana ranar da aka sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Wanda ya biya ya shiga ya zauna, ko bai yi rajista ba, kotu tana ganin yana da haƙƙi mai ƙarfi, kuma takardarsa tana zama shaidar biyan kuɗi. Amma wanda ya saya daga baya da zuciya ɗaya, bai san da na farko ba, ya kammala amincewa da rajista, yana iya shan gabansa. Rajista dai ba ta wanke cinikin da tun asali ɓatacce ne.

Mutane da yawa suna tsayawa a takardar wakilci da ake kira fawa, don ta fi araha. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa wakilci ba ya miƙa mallaka, izini ne kawai na yin abu da sunan wani. Mai riƙe da fawa, a takarda, wakilin mai gida ne a gidan da ya saya da kuɗinsa.

Bayan an karɓi makulli

A shiga nan take. Fili a kewaye shi ko da bulo layi huɗu ne, a riƙa leƙawa. A kotunan shari'ar Musulunci akwai hauzi: bare ya riƙe wuri shekara goma yana gini yana rushewa kamar nasa, mai shi yana gari yana gani bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron da'awarsa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, kuma aro da haya da jingina ba sa zama hauzi. Wanda ya sa wani ya zauna masa a fili ya rubuta cewa aro ne.

Ɗan hayar da aka tarar ba a fitar da shi da ƙarfi don gida ya sauya hannu. In babu wata yarjejeniya, mai biyan shekara wata shida ake ba shi, mai biyan wata kuma wata ɗaya, sannan notis na kwana bakwai, sannan kotu. A tambayi kuɗin hayar da mai sayarwa ya riga ya karɓa a cire daga farashi. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara ya koma wuyan mai saye, haka sharaɗin gina fili cikin wa'adin da giranti ya faɗa, kuma saɓa sharuɗɗan takarda dalili ne na soke ta a sashe na 28 na dokar 1978. Ba a sa harsashi sai da izinin gini daga KNUPDA, ba a mai da gidan zama shaguna ko makaranta sai an nemi sauya manufa.

Gwamna na iya karɓe wuri don amfanin jama'a, amma sai da sanarwa a rubuce da ta isa ga mai haƙƙi, kuma sanarwar sunan da ke fayil take bi. Wanda bai sauya suna ba yana iya zama na ƙarshe da zai ji labari. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da amfanin gona da kuɗin ƙasar da aka biya na wannan shekarar. Fili fetal da aka saya miliyan 30 ba shi da diyyar miliyan 30 a wannan lissafin.

In matsala ta fito daga wajen mai sayarwa, mai saye yana da zaɓi. Wanda ya karɓi kuɗi sannan ya ga farashi ya tashi ya ce ya fasa, ana iya neman kotu ta tilasta shi cika ciniki, domin kotuna sun yarda kuɗi ba sa maye gurbin fili. Wanda ya ɓoye jingina ko ya yi ƙarya a kan mallaka, ana warware cinikin a karɓi kuɗi da diyya, kuma damfara laifi ce da ake kaiwa ga 'yan sanda ko hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, ko da yake hukunci kan wane ne mai fili na kotu ne kaɗai. Kan aibin gini dokokin biyu sun rabu. Dokar Bature ta bar wa mai saye abin da ido ke iya gani, tsagewar bango ko rufin da ke yoyo, muddin ba a yi masa ƙarya ba. Malikiyya ta wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ta kuma kasa aibin gida uku: ƙarami da ba ya rage daraja babu komai a kansa, matsakaici a rage kimarsa daga farashi, babba a mayar da gida a karɓi kuɗi.

Sun fi rabuwa ranar da mai fili na gaskiya ya bayyana bayan ka gama gini. A babbar kotu ƙa'idar ita ce abin da aka kafa a ƙasa na mai ƙasa ne, sai in an nuna ya tsaya yana kallo ana gini ya yi shiru da gangan. Kai kuma ka koma kan wanda ya sayar maka. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya saya bai san na wani ba ne, mai filin zai biya shi kimar gininsa a tsaye, in ya ƙi sai mai ginin ya biya kimar filin fetal, in shi ma ya ƙi su zama abokan tarayya gwargwadon kimar abin kowa. Wace kotu za ta saurari maganar ba zaɓin mai ƙara ba ne kaɗai. Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa babbar kotun jiha rigimar filin da ke ƙarƙashin haƙƙin da gwamna ya bayar, wanda ya haɗa filayen cikin birni, yayin da gado da wasiyya da kyauta da wakafi ke hannun kotunan shari'ar Musulunci, ɗaukaka ƙararsu kuma ta tafi kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a bisa sashe na 277 na tsarin mulki. An sha yin shekaru ana shari'ar fili a kotun da ba ta da hurumi, a je sama a rushe komai a ce a koma farko, don haka tambayar farko da za a yi wa lauya kafin a biya kuɗin shigar da ƙara ita ce wace kotu ce ke da hurumi a kan wannan filin.